Babi na Shida: Ruwa Ya Zo, Iska Ta Tafi

Duk wanda ya cire fankar firosesa ya ɗora masa sanyin ruwa, lamba ɗaya yake fara dubawa, wato zafin firosesan. Da yana ganin digiri 85, yanzu ga 62, kuma ƙarar da ke cika masa kunne ta lafa. Sai ya ɗaure murfin akwati ransa fari. Amma tazarar yatsa biyu kacal daga inda ya ɗaura tubalin ruwan a kan firosesa akwai jerin ƙananan kayan wuta waɗanda wannan gyara ya jefa cikin halin da ya fi na da tsanani, kuma kwamfuta ba za ta faɗa masa ba sai ya je ya tambaye ta.

Waɗannan kaya su ne sashen daidaita wuta na madabod, wanda masu sana'a ke kira VRM. In ka kwantar da madabod a tebur ka dubi gurbin firosesa, za ka gan su sun yi masa shinge ta sama da ta hagu: ƙananan murabba'ai masu launin toka a jere, su ne koyil, gwangwanaye 'yan ƙanana masu sheƙi, su ne kafasita, sannan a ƙarƙashin wani dogon ƙarfe, ko a fili in allon mai araha ne, baƙaƙen ƙwayoyi da ba su kai farcen ɗan yaro ba, su ne mosfet. Aikinsu guda ne. Fawa-fak na aiko da wuta mai ƙarfin bolt 12 ta wayar nan mai baki takwas da ake sokawa a kusurwar sama ta allon. Firosesa kuwa ba ya jure abin da ya wuce bolt ɗaya da 'yan kai, galibi tsakanin 1.0 da 1.4. Dole a sauko da wutar, kuma a sauko da ita daidai, domin firosesa na iya tashi daga zaman banza zuwa cikakken aiki kafin ƙiftawar ido, kuma in wutar ta yi ƙasa a wannan lokacin kwamfuta ta tsaya cak.

Yadda ake saukar da ita abin sha'awa ne. Mosfet makunni ne mara motsi. Ana haɗa su biyu-biyu: na sama ya buɗe wa bolt 12 hanya na ɗan lokaci, ya rufe, na ƙasa ya karɓa. Suna yin haka sau dubu ɗari uku zuwa dubu ɗari shida a daƙiƙa ɗaya. Tunda abin da ake so ya kai kusan kashi ɗaya cikin goma na abin da ya shigo, na saman yana buɗe ne kusan kashi ɗaya cikin goma na lokacin, na ƙasan ya ɗauki sauran. Koyil da kafasita su lallashe wannan yankakkiyar wuta ta koma mai gudana sumul. Kowane irin wannan rukuni shi ake kira layi ɗaya, kuma madabod na da su da yawa suna karɓa-karɓa a ƙarƙashin wata ƙwaya mai ba da umarni: huɗu a allon talaka, goma sha shida ko ashirin a allon masu hali. A allunan yanzu an fi haɗe mosfet biyun da direbansu a ƙwaya ɗaya, tsarin da Intel ta fitar da ƙa'idarsa da sunan DrMOS.

Yanzu ga lissafin da ya kamata mai karatu ya riƙe. Core i9-13900K, wanda ya fito a 2022, Intel ta rubuta masa wat 253 a matsayin iyakar abin da yake ja idan ya buɗe wuta. Mu ce wat 250 a bolt 1.25. Raba su, ka sami amfiya 200. Wannan ya kai abin da injin walda ke turawa ta sandarsa, ga shi yana bi ta wurin da tafin hannu zai rufe. Kuma babu sashen daidaita wuta da ke miƙa duk abin da ya karɓa. Mai kyau yakan miƙa kusan kashi 90 cikin ɗari. Ke nan domin firosesa ya sami wat 250, sai an ja kusan 278 daga fawa-fak, ragowar wat 28 ɗin nan kuma su zama zafi a jikin mosfet da koyil da jan ƙarfen da ke cikin allon. Wat 28 ba ya cika kunne. Amma ƙarfen sodar da mai gyaran rediyo ke narka dalma da shi bai fi wat 30 ko 40 ba. Abin da ke sa ƙaramin wat ya yi ƙuna shi ne ƙanƙantar wurin da ya taru, da rashin hanyar fita.

Akwai abubuwa biyu da ke ƙara dagula lissafin. Na farko, asarar da ake yi yayin da wuta ke ratsa mosfet ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da yawan wutar. In amfiya ta ninka biyu, wannan asara ninkawa huɗu take yi. Shi ya sa ɗan ƙarin gudu da mutum ya matsa wa firosesa yake zama babban nauyi a gefe, shi ya sa kuma yawan layuka ke taimakawa, tunda kowanne ya ɗauki kaɗan. Na biyu, mosfet in ya yi zafi turjiyarsa ga wuta ƙaruwa take yi, sai ya ƙara fitar da zafi, zafin ya ƙara masa turjiya. Muddin akwai iska, abin yakan tsaya a wani mataki. In babu, sai ya yi ta hawa a hankali, minti goma, minti ashirin, har ya kai inda allon zai ɗauki mataki da kansa.

To, a da wa ke kawo wannan iska? Dubi fankar da Intel ta daɗe tana sakawa cikin kwalin firosesa: ƙarfe zagayayye mai haƙarƙari ta ko'ina, fanka a kansa tana hura iska ƙasa. Iskar in ta daki ƙasan ba ta da inda za ta bi sai gefe, ta fantsama ta kowace fuska, ta share mosfet da koyil da kafasita, har ta taɓa katin ram na farko. Wraith ta AMD ma haka take. Doguwar fanka mai kama da hasumiya ba ta kai su ba, amma ita ma ƙasan iskarta yana gogar ƙarfen da ke hagu kafin ya fita ta baya. Albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko: don firosesa aka sa fankar, amma maƙwabtansa sun rayu a kanta shekara da shekaru, kuma masu zana madabod mai araha sun gina lissafinsu a kan cewa iskar nan tana nan. Tubalin ruwa kuwa ba ya motsa iska ko kaɗan. Yana kwashe zafin firosesa ta tiyo ya kai lagireto can nesa, ya bar kewayen gurbin shiru, a kusurwar da dama ita ce mafi cunkoso a akwatin, tsakanin murfin sama da maɓuɓɓugan baya.

Tarko na biyu ya fi wannan ɓoyuwa, kuma shi na fi son mai karatu ya lura da shi. Yawancin madabod suna juya fankokin akwati ne gwargwadon zafin firosesa. Da fankar iska wannan tsari yana da ma'ana: aiki ya yi nauyi, firosesa ya yi zafi, fankoki su tashi, kowa ya amfana. Da ruwa kuwa, musamman in lagireton babba ne, firosesa yana zaune cikin sanyi, don haka allon yana ganin babu dalilin tayar da fanka. Ga kuma mai kwamfutar, ganin sanyin ya ba shi ƙarfin gwiwar ƙara gudu da ƙara bolt. Sai ya zamana a daidai lokacin da sashen wuta ke ɗaukar kaya mafi nauyi a rayuwarsa, a lokacin ne iskar da ke kai masa ta fi ƙaranci.

Wannan ba sabon ciwo ba ne. Masu harhaɗa kwamfuta na zamanin FX-8350 na AMD, wanda ya fito a 2012 da wat 125, sun san shi sarai. Mutum zai ɗora shi a kan allo mai layi huɗu, wani ma babu ƙarfe a kan mosfet, ya sa masa ruwa, ya fara aiki mai nauyi. Bayan 'yan mintoci gudun ya faɗo daga 4 GHz zuwa 1.4, ya ɗan jima, ya koma, ya sake faɗowa, alhali firosesan bai ko yi ɗumi ba. Da yawa sun canza man da ke tsakanin firosesa da tubali, sun sake ɗaure tubalin, wasu har sun mayar da firosesan kanti, ba su san cewa allon ne ke jan birki don kada mosfet ɗinsa su ƙone ba. Da FX-9590 ya zo a 2013 da wat 220, sai da aka fito fili aka ce alluna ƙalilan ne za su iya ɗaukarsa.

A 2017 abin ya kai ga alluna masu tsada. Intel ta fitar da tsarin X299 da Core i9-7900X mai ƙwaƙwalwa goma, sai wani Bajamushe masanin matsa wa firosesa gudu, Roman Hartung, wanda aka fi sani da der8auer, ya gwada allunan manyan kamfanoni da sanyin ruwa ya nuna cewa sashen wutarsu na zafi har gudu ya karye. Abin da ya fi tayar da ƙura a gwajinsa shi ne, da ya cire ƙarfen da aka ɗora wa mosfet ɗin ya saita musu fanka kai tsaye, sai zafin ya sauka ƙwarai. An yi ta gardama a kan ko irin nauyin da ya ɗora musu yana faruwa a aikin yau da kullum, kuma gardamar tana da tushe. Amma kowa ya ga abin da ya nuna: ƙarafan sun koma kayan ado, dunƙulallen alminiyom mai santsi da tambari da fitilu, an rufe shi da roba, babu haƙarƙarin da iska za ta ratsa. Ƙarfen da bai da faɗin fuska tara zafi kawai yake yi, ya jinkirta matsalar na 'yan mintoci. Bayan wannan ne aka ga siraran haƙarƙari na gaske sun dawo, kamar a X470 Aorus Gaming 7 na Gigabyte a 2018. Ina ganin wannan darasi ya ci gaba da amfani ga mai saye: in kana riƙe da allo a kanti, ƙarfen da ya fi kyan gani ba lallai ya fi aiki ba, ka duba yawan tsagi da haƙarƙarinsa, ka duba ko an lulluɓe shi.

Gaskiya ne allunan sama na yanzu an cika musu layuka har sun wuce buƙata, kuma da yawansu za su yi aiki lafiya ko da iska kaɗan. Inda matsalar ta koma shi ne haɗin da ake yawan gani: allo mafi araha, firosesa babba, da sanyin ruwa na kwali mai fitilu, saboda shi ido ke gani ta gilashi. An kashe kuɗi a inda za a nuna wa baƙo, an tsuke a inda wuta ke bi. Da za a tambaye ni, kuɗin lagireton nan gara a ƙara su a kan allon.

Kafin a sayi komai, a auna. Manhajar HWiNFO kyauta ce, kuma a alluna da yawa tana nuna layin da aka rubuta wa VRM ko MOS. A buɗe ta, a rufe murfin akwati kamar yadda ake aiki kullum, a ɗora wa kwamfutar aiki mai cin duk ƙwaƙwalen firosesa, Cinebench a maimaice ko fitar da dogon bidiyo, a bar shi aƙalla rabin awa. Gwajin minti biyu ba ya nuna komai a nan, domin firosesa yana kai ƙarshen zafinsa nan da nan, sashen wuta kuwa a hankali yake cika. A lura da abu biyu tare: lambar zafin, da gudun firosesa. In gudun yana yin tsalle ƙasa yana dawowa alhali firosesa na cikin sanyi, to an kama ɓarawon. Allon da bai da ma'auni a wurin, ana iya manna wayar auna zafi a bayansa, daidai saitin mosfet, tunda kaso mai yawa na zafin ta cikin jan ƙarfen allon yake bi. Bindigar auna zafi mai jan haske kuwa tana ruɗewa a kan ƙarfe mai sheƙi, ta ba da lamba ƙasa da gaskiya. A manna ɗan baƙin salatif a wurin a auna kansa.

Wace lamba ce ta yi yawa? Mosfet ɗin kansu masu juriya ne, takardunsu kan ba da iyakar digiri 125 zuwa 150, kuma allon kan ja birki kafin a kai can. Don haka digiri 80 ko 90 a lokacin aiki mafi nauyi bai isa tayar da hankali ba, ko da yake ba a taɓa shi da yatsa. Abin tausayi su ne kafasita da ke tsaye a gefe suna shan tiririn. Akan rubuta musu awa 5,000 a digiri 105, wasu 10,000. Awa 5,000 bai kai wata bakwai na aiki dare da rana ba. Abin da ke cetonsu shi ne kowane saukin zafi yana tsawaita ransu sosai: ga irin masu ruwa a ciki, ƙa'idar ita ce ragin digiri 10 na ninka rai biyu, ga busassun da aka fi sakawa yanzu kuwa ribar ta fi haka. Ke nan digiri 15 ko 20 da fanka ɗaya za ta rage ba ƙaramin abu ba ne, ko da kwamfutar ba ta taɓa karya gudu ba.

Nan ne mazaunin Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai zai yi nasa lissafin dabam. Masu gwajin alluna a Turai da Amurka suna aunawa ne a ɗaki mai digiri 21 zuwa 25. Sanyaya na'ura kuwa daga zafin ɗaki take farawa. Abin da ƙarfe da fanka ke iya yi shi ne su tsare tazara tsakaninsu da iskar da ke kewaye. In aka ce allo ya kai digiri 85 a ɗaki mai 22, to a shagon tace fim da rana a watan Afrilu, wuta ta ɗauke, janareta bai iya ɗaukar na'urar sanyaya ɗaki ba, ɗakin yana 40, allon nan zai haura 100. Kuma tace fim shi ne ainihin irin aikin da ke gasa sashen wuta, awa da awanni firosesa bai sauke numfashi ba, saɓanin wasan gem da ke tashi yana sauka. Ga allunan da aka yi amfani da su a waje aka shigo da su, waɗanda kafasitansu sun riga sun ci wani kaso na ransu kafin su iso.

Magani mafi sauƙi shi ne a mayar da iskar da aka kore. Inda aka kafa lagireto yana da tasiri: in yana sama, fankokinsa na fitar da iska waje, to suna jan ta ta kan sashen wuta, wanda ke daidai ƙarƙashinsu. In yana gaba yana shigo da iska, firosesa zai fi jin daɗi da ɗan digiri, amma iskar da ke isa allon ta riga ta ɗumama kuma ta rage ƙarfi, don haka fankar baya da ta sama sun zama wajibi. Sannan a shiga BIOS a raba fankokin akwati da zafin firosesa. Alluna da yawa na ASUS da Gigabyte suna barin mutum ya zaɓi ma'aunin da fanka za ta bi. A ɗaura ta baya da ta sama a kan na VRM. In babu wannan zaɓi, a ɗaga mafi ƙarancin gudunsu ya zama ba sa yin barci. In duk wannan bai isa ba, ƙaramar fanka mai milimita 40 zuwa 80, a ɗaure ta da igiyar roba tana kallon ƙarfen kai tsaye, tana yin abin mamaki, kuma ba sai ta yi gudu mai ƙara ba. Bambanci tsakanin iska tsayayya da iska mai ɗan motsi ya fi bambanci tsakanin mai ɗan motsi da guguwa.

Kamfanoni ma sun amsa laifin a aikace. ROG Ryujin na ASUS ya zo a 2018 da fanka mai milimita 60 a ɓoye cikin gidan famfo, Liquid Freezer II na Arctic ya biyo a 2019 da mai milimita 40 a gefen tubalin, duka don su hura wa kewayen gurbin. Wanda bai riga ya saya ba, wannan abin dubawa ne.

Masu haɗa bututun ruwa da hannunsu suna da hanya ta gaba: tubali guda mai faɗi da ke rufe firosesa da mosfet tare, irin wanda EK ta ƙasar Sulobeniya ta yi suna da shi, ko allo irin jerin Maximus Formula da ke zuwa da hanyar ruwa a cikin ƙarfen sashen wutar. Ba shakka yana aiki. Mosfet kan zauna kusa da zafin ruwan, kuma wat 30 ɗin da ya ƙaru ba ya damun babban lagireto. Sai dai ana ƙera kowanne ne don allo ɗaya tak, ranar da ka canza allo ya zama kayan tarihi. Yana kuma buƙatar ya zauna daram a kan abubuwa biyu masu tsayi daban, don haka kuskuren rabin milimita a kaurin fallen da ke tsakani na iya ɗage shi daga kan firosesa. Kuma ram da faifan M.2 da koyil ɗin da bai taɓa ba har yanzu iska suke jira. Ga mafi yawan mutane ban ga abin da zai yi wanda fankar da ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗinsa ba za ta kasa.

Fallen nan mai laushi da ke tsakanin mosfet da ƙarfe ya cancanci a duba shi a tsohon allo. Yana bushewa ya tsattsage, wani lokaci ma za ka kwance ka tarar babu shatin ƙwayoyin a jikinsa, alamar bai taɓa matsuwa ba. A sauya shi da mai kauri iri ɗaya, 0.5 ko 1 ko 1.5 na milimita, yadda aka same shi. Allon da ya zo tsirara kuma ana samun ƙananan ƙarafa masu gam da ake manna wa kowane mosfet, da sharaɗin kada ƙarfe ya taɓa ƙafar wani abu a gefe, kuma kada a dogara da gam mai rauni a allon da ke tsaye, domin ƙarfen da ya faɗo kan katin hoto yana iya kashe shi.

Akwai kuma zafin da ba sai an kore shi ba in tun farko ba a haife shi ba. Firososhin yanzu suna sayen ƙarshen gudunsu da tsada: wat hamsin ko sittin na ƙarshe kan kawo ƙarin aiki kaɗan ne. Sanya iyakar wat a BIOS, ko rage bolt da ɗan kaɗan a gwada ko kwamfutar ta tsaya da ƙafarta, yana sauke amfiya, kuma mun ga yadda asara ke bin amfiya ninki-ninki. Wanda ke aiki da inbata ko sola zai ga ribar a batirinsa ma.

Ƙurar hunturu ita ce ta ƙarshe. Mai sanyin ruwa yakan tuna da lagireto ya busa shi, tunda yana ganin ƙurar a fuskarsa, ya manta da haƙarƙarin ƙarfen VRM da ke lungu a bayan murfin roba. Siraran tsagin da suka sa ƙarfen yake aiki su ne farkon toshewa. A kashe wuta, a zare waya, a riƙe fankoki kada su juya, a busa lungun da abin hura iska ko a share da busasshen burushi mai laushi idan hunturu ya wuce. Daga nan a sake gwajin rabin awar nan da murfi a rufe, a cikin Maris ko Afrilu, da tsakar rana, domin lambar da aka samu a sanyin Janairu ba ita allon zai rayu da ita ba.